Tayar Babur ɗin Yaya da Kuɗin Ragon Suna



Mu marubuta littattafan soyayya mun saba muku da mota. Saurayi ba ya zuwa zance sai cikin Marsandi mai baƙin gilashi, in kuma muka rasa yadda za mu yi da muguwar kishiya, sai mu ɗora ta a hanyar Kaduna mu fasa mata taya, shi ke nan labari ya warware. Amma tsakani da Allah, ki leƙa ƙofar gidanku bayan sallar isha'i ki ƙirga. A nan unguwarmu Nasarawa ta Birnin Kebbi babur ne ke kawo samari, shi ke kai ki makaranta, shi ke kai Inna asibiti. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuwa, masu mota da yawa sun jingine ta sun koma ƙafa biyu.

To, a kan babur ina mazaunin mace? A baya, daidai saman tayar da ta fi shan nauyi, wata ma ƙafafunta biyu a gefe guda, jaka a hannu, goyo a baya. In tayar nan ta yi gardama ita ce farkon kaiwa ƙasa. Amma ranar sayen taya babu mai tambayar ra'ayinta, wai ba maganar mata ba ce. Ni kuwa na ce maganarmu ce, tunda fatarmu kwalta ke ci.

Yayana malamin makaranta ne, babur ɗinsa Bajaj Boxer. Matarsa 'yar Argungu ce, da cikinta na fari ya tsufa aka zo aka tafi da ita gida goyon ciki kamar yadda aka saba. Daga nan Yaya ya zama ɗan hanya. Duk Juma'a in ya taso aiki sai ya kama hanya, ya wuce Ambursa, ya shanye kilomita 50 da 'yan kai, ranar Lahadi ya dawo. Wani makon ni ce a baya riƙe da ƙullin kuka da daddawar da Inna ta aika, wani makon Inna ce da kanta. Dawowa kuwa ba ya rasa buhun shinkafa daga surukai, don kin san mutanen Argungu da shinkafar fadama.

Tayar bayansa ta suɗe kamar tafin hannu, tub ɗin ya sha faci har sau 4. Shi ma ya sani, sai dai akwai kuɗin ragon suna da yake tarawa, ga albashin malami kin san yadda yake. Da na yi masa magana cewa ya yi, "Ke dai bari, 'yar Beljiyam zan saka ta kai ni bayan suna." 'Yar Beljiyam ita ce tayar gwanjo, wadda wani ya ci rabonsa a wata ƙasa ya yar.

Abin da ya sa na tsaya kai da fata shi ne, a lokacin ina rubuta wani littafi da jaruminsa mai faci ne. Saboda shi na yi ta zaman benci wurin Baba mai facin bakin layinmu, ina tambaya yana dariya, da dare kuma ina bincike a waya. A nan na gane cewa kowace taya tana ɗauke da takardar haihuwarta a jikinta, mu ne ba mu karantawa.

Ranar Asabar na bi Yaya kasuwa. Mai shagon ya dube ni ya dube shi, ya ce, "Malam, amarya ce ta rako ka?" Yaya ya ce, "Ƙanwata ce, ita ce injiniyar gidanmu." Suka yi dariyarsu, ni dai na tsuguna gaban tayoyi.

Farkon abin dubawa shi ne girma. A gefen tayar bayan Yaya an rubuta 3.00-17, ta gaba kuma 2.75-17. Lambar farko faɗin taya ce a inci, ta biyu kuma faɗin wilin da za ta hau. Masu Honda CG125 da ire-irensa galibi 18 ne nasu, don haka tayarsu ba ta hawa wilin Boxer ko da an yi mata dole. Akwai samarin da ke son saka wadda ta fi faɗi don babur ya yi ƙiba a ido. Kwalliya ce kawai, taya mai faɗi a kan siririn wili matsewa take, siffarta ta lalace, kwana ta yi wuyar sha.

Kusa da girman akwai wata lamba da harafi, misali 50P. Wannan ce ta fi shafarmu mu 'yan baya. Lambar tana nufin nauyin da tayar za ta iya ɗauka: 42 kilo 150 ke nan, 47 kilo 175, 50 kilo 190, 52 kuma kilo 200. Harafin na gudu ne, J kilomita 100 a awa, L 120, P 150. Gudun bai dame ni ba, Yaya ba mai tsere ba ne. Nauyin na tsaya lissafawa a bayan rasit. Yaya kilo 70, mai jego in ta tashi dawowa a ce 60, buhun shinkafa 50, ga babur ɗin kansa ya haura kilo 100, kuma mafi yawan wannan kaya a kan tayar baya yake sauka. Na ce a kawar mini da duk wadda lambarta ta gaza 50. Akwai kuma rubutun 4PR ko 6PR, wato ƙarfin zaren cikinta. Mai 6 ta fi tauri, ta fi jure kaya da ƙaya, ita 'yan kabu-kabu suka fi nema a baya.

Sai shekaru, a nan aka yi ta. Mai shago ya sauko da wata baƙa wuluk tana ƙyalli, ya ce, "Wagga sabuwa ce dal, kuma zan rage muku." Na juya ta na nemo wasu lambobi 4 da ke cikin ɗan zagaye a gefenta. Tun shekarar 2000 haka ake rubuta su, biyun farko makon da aka yi tayar, biyun ƙarshe shekara. Na ga 1818. Na ce, "Alhaji, wannan an yi ta a mako na 18 na shekarar 2018, yau ga mu a 2024. Ta yi shekara 6 tana zaune." Ya ce ai ko ƙasa ba ta taɓa takawa ba. Gaskiyarsa, amma roba tsufa take ko ana hawa ko ba a hawa. Zafi da rana suna busar da ita, ta yi tauri, ta fara tsattsagewa, ta daina kama kwalta. Balle garinmu da zafin Afrilu ke haura digiri 40, shago kuma rufin kwano. Na lanƙwasa gefenta da hannu, sai ga ƙananan tsaga kamar faso a diddige. Ƙyallin nan ashe mai aka shafa mata.

'Yan Rod Sefti, wato hukumar kiyaye haɗurra da aka kafa a 1988, sun daɗe suna jan kunne cewa shekara 4 ne wa'adin taya daga ranar da aka yi ta. Kamfanin Michelin ya fi su sassauci, ya ce in ta kai shekara 5 a riƙa kai ta ana dubawa duk shekara, in ta kai 10 a cire ta ko da zanenta bai taɓu ba. Ko wanne kika bi, ba ki da dalilin biyan kuɗin sabuwa ki karɓi tsohuwa. Wata tayar ma na duba sama da ƙasa ban ga kwanan wata ba, na tura ta gefe. Wanda ya ɓoye shekarunsa a wurin neman aure ai da walakin.

Ita 'yar Beljiyam da Yaya ya ƙwallafa rai a kanta, rabin kuɗin sabuwa ce, zanenta kuma da saura. Sai dai wa ya san ramin da ta faɗa, wa ya san ko zaren cikinta ya tsinke? Ba a ganin wannan da ido sai ranar da ta kumbura a gefe kamar ƙurji. Tayoyin gwanjo ma suna cikin jerin kayan da kwastan ta hana shigowa da su, ta ɓarauniyar hanya suke zuwa. Abin takaici, da can a ƙasar nan ake yin taya. Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya bi bayansa a Legas a 2008, rashin wutar lantarki da tsadar aiki suka kore su. Yanzu yawancin abin da ke kasuwa daga Sin da Indiya da makwabtansu yake zuwa, irin su MRF da CEAT da CST da Kenda, ga kuma jabun da ke kwaikwayon sunayensu. Shi Dunlop ɗin asali likitan dabbobi ne a Belfast, a 1888 ya haɗa tayar iska saboda keken ɗansa ƙarami da ke jijjiga shi a kan duwatsun titi. Kin ga ashe tun farko tausayin na gida ne ya haifi abin.

Muka zo kan zane. Yaya ya so mai manyan ƙuraje irin ta shiga daji, wai saboda lakar fadama in damina ta sauka. Na tambaye shi, a tafiya goma sau nawa yake sauka daga kwalta? Ya ce sau ɗaya, in zai leƙa gonar surukinsa. To mai ƙuraje a kwalta saurin cinyewa take, tana kuka, tana jijjiga na baya, in an yi ruwa kuma robar da ke taɓa titi kaɗan ce. Muka zaɓi mai zanen titi, mai zurfin layuka da ke kore ruwa gefe. A cikin layukan akwai ɗan tudu da ake nuna wurinsa da alamar TWI a gefe. Ranar da zane ya suɗe ya yi daidai da tudun nan, tayar ta gama aiki.

Ga mai saurayin da ke zuwa da ƙaton babur ɗin nan mai rurin zaki, irin na doguwar tafiya, lissafin ɗaya ne, kuɗin ne ya bambanta. Nasu za ki ga 120/70 ZR17 a gaba, 180/55 ZR17 a baya, faɗin a milimita, kuma ba su da tub. Tayar tsere robarta laushi gare ta, tana kama titi amma ba ta daɗewa. Ta tafiya kuwa ana yi mata tsakiya mai tauri da gefe mai laushi, don miƙaƙƙiyar hanya irin ta Sakkwato kada ta cinye tsakiyar ta bar gefe. Da yawansu sukan sayi babur na miliyoyi su ɗora masa tayar gwanjo. In ya zo yana murɗa hannu unguwa na amsawa, ki ɗan sunkuya kamar kina gyara takalmi ki karanta lambobin nan 4.

Wadda na zaɓa wa Yaya 50P ce, 6PR, an yi ta a ƙarshen 2023. Da aka haɗa da sabon tub kuɗin ya kusa ninka abin da ya yi niyya, don na ƙi yarda a mayar da tsohon tub mai faci 4 cikin sabuwar taya. Yaya ya ɓata rai, ya ce mu je gida tukuna. A gida ya kai ƙarata wurin Inna, wai zan sa ya yanka ɗan akuya ranar suna abokansa su yi masa dariya. Inna tana tankaɗe ba ta ko ɗago ba, ta ce, "Wanga yaro, bisa tayar nan za ka ɗauko mini jikana?" Ya yi shiru. Na ce zan cika masa daga kuɗin adashena, ya biya ni bayan suna. Ya ce, "Ke da bakinki kamar reza, Allah ya ba mijinki haƙuri." Amma ya karɓa.

Wurin Baba mai faci muka kai aka saka. Ya nuna mini kibiyar da ke gefen tayar, wadda dole ta fuskanci inda taya ke juyawa, in aka saka ta a juye zanen ba ya kore ruwa yadda aka tsara shi. Na roƙe shi ya auna iskar da geji, kada ya tsaya latsawa da babban yatsa, ya bi adadin da kamfanin babur ya rubuta, wanda na mai goyo ya ɗara na mutum ɗaya. Da safe ake aunawa kafin taya ta yi zafi. Masu rage iska a bazara wai don kada ta fashe, su ne ke jawo fashewar, domin taya mai ƙarancin iska lanƙwashewa take tana ƙara zafi. Baba ya kuma gargaɗi Yaya ya bi a hankali kilomita 150 na farko, sabuwar taya santsi gare ta kafin titi ya goge ta. Zuwa Argungu da dawowa da ɗan zagayen gari ya cika wannan.

Ta gaba mun duba ta, shekararta 2, zanenta da saura, muka bar ta zuwa bayan damina. Ragon da Yaya ya saya bai kai wanda ya yi buri ba, amma an ci an raba wa makwabta, mai jego ta yi arba'in ya ɗauko su ita da jaririyar. Ranar na sa ta tattare hijabinta ta danne a cinya, don na sha ganin yadda wili ke cafke bakin mayafi. Tsohon tub ɗin Inna ta sa an yanka shi ana ɗaure itace, tayar kuwa yaran layinmu suka gaje ta suna gare-gare. Kuɗin adashena har yau saura dubu biyu a hannun Yaya, kullum sai ya ce ƙarshen wata.