Baƙo da Dokar Gari

Bature in ya ƙaura zuwa sabuwar jiha yakan fara da tambaya biyu: ina duwatsun da ake zamiya a kan ƙanƙara, kuma yaya dokar giya take? Ni da na baro Mayahi na koma jihar Katsina, ta farkon ba ta dame ni ba. Zamiyarmu ta tudun rairayi ce a bakin Gulbin Kaba, ta kuwa tafi tare da ƙuruciya.

Ta biyun ce mai nauyi. A Mayahi da Tasawa hukuma ba ta hana sayar da giya ba. Kunya da idon maƙwabci ke tsare mutum, har mashayi ya riƙa bi ta bayan gari. Katsina kuwa ta ɗauki Shari'a a 2000, laifin ya koma gaban alƙali. Ni ban taɓa kurɓa ba, amma ina da ƙane mai sha. A gida iyakarta nasiha, sai kukan mahaifiyarmu. Ga shi ya aiko yana son ya biyo ni neman aiki, wata uku ke nan ban ba shi amsa ba.