Sunayen da Aka Bari a Bakin Gaɓar Eden

A kudu maso gabashin Ostireliya, a jihar New South Wales, akwai wani gari a bakin teku mai suna Eden. A gidan tarihin garin an rataye ƙwarangwal ɗin wata dabbar ruwa da ake kira Tsoho Tom, wadda aka tsinci gawarta a shekarar 1930. Mun san sunan dabbar. Mun kuma san iyalan Davidson, Turawan da suka mallaki sansanin farauta a wurin. Amma mutanen Yuin, 'yan asalin ƙasar da suka ja filafili suka jefa mashi, da yawansu ba a damu da rubuta sunayensu ba. Wannan giɓi ne zane-zanen zuriyarsu ke ƙoƙarin cikewa.

Tun 1828 Turawa suka fara farautar wel a mashigin Twofold, inda Eden take. Wel shi ne ƙaton halittar teku da Larabawa ke kira hutu, kuma saboda kitsensa ake kashe shi, a narka a zuba a fitilu. Abin mamaki a wannan mashigi shi ne wani jinsi da ake kira orka, irin su Tsoho Tom, shi ke koro manyan wel zuwa gaɓa, sa'an nan ya riƙa dukan ruwa da wutsiya don ya sanar da mafarauta. Idan an kashe wel sai a bar gawar cikin ruwa, orka su cinye harshe da leɓɓa, mutane su kwashi sauran. Ana kiran wannan al'ada dokar harshe.

Ba Turawa suka ƙulla wannan amana ba, tarar da ita suka yi. Mutanen Thaua, wani reshe na Yuin, sun daɗe suna ɗaukar orka a matsayin 'yan uwa, a aƙidarsu ma magabatansu ne da suka rasu suka dawo cikin wannan siffa. Saboda haka mai zanen Yuin idan ya zana orka a yau, yana jin kamar hoton kakansa ya rataya a bango.

Muna da shaidu biyu daga wancan zamani. Na farko Oswald Brierly, Baturen da ya kula da sansanin attajiri Benjamin Boyd a shekarun 1840. Ya zana farautar, ya kuma ambaci abokinsa Budginbro, mutumin Thaua, a cikin littattafansa. Har yau akwai iyalan Yuin da ke amsa sunan Brierly. Na biyu shi ne Mickey na Ulladulla, ɗan yankin da ya rasu a 1891. Da fensir da fenti ya zana kifaye, jiragen ruwa, masunta da raye-rayen mutanensa, ana tsakiyar ƙwace musu ƙasa. Aikinsa ya samu lambar yabo a baje kolin duniya na Cikago a 1893, bayan ya riga ya kwanta dama.

A ganinmu, nauyin da ke kan masu zanen yau ya fi na waɗannan biyu. Kakanninsu sun ci abinci da jinin wel, sana'ar da Ostireliya ta daina a 1978, wadda duniya ke ƙyama yanzu. Sai dai wannan sana'a ita ta ba su damar zama kusa da tekunsu a lokacin da ake tattara 'yan uwansu ana kai su matsugunai irin na tafkin Wallaga. Mai zane mai gaskiya dole ya sa duka biyun a allo ɗaya, bai wanke kakansa ba, bai kuma yi tir da shi ba.

A 2023 masana sun binciki ƙwayoyin halittar Tsoho Tom, tare da wani daga zuriyar Budginbro a cikin marubuta rahoton. Sakamakon ya nuna cewa da alama zuriyar waɗannan orka ta ƙare a yankin. Iyalan Yuin kuwa suna nan a gaɓarsu. Don haka duk wanda zanensu ya iso gabansa, muna roƙon ya nemi sanin sunan mai zanen, da gidan da ya fito, da kuma kakan da yake tunawa.