Kafin A Ɗaure Kaya: Shirin Ƙaura Da Iyali Zuwa Kano

A wannan wata za mu ɗan jingine maganar makaranta da muka saba yi a wannan fili, mu taɓo wata wadda ta shafi gidaje da yawa a zangunanmu, har da namu gidan, wato tashi da iyali gaba ɗaya daga Gana a koma wata ƙasa da zama. Wasu Jamus suka nufa, wasu Amurka, wasu Makka. Mu kam Kano muka sa gaba, domin an raba gadon gidan kakanmu da ke can, rabon marigayi mahaifinmu ya faɗo mana, dangi kuma sun matsa lallai mu zo mu zauna a ciki. Yau shekara ɗaya da rabi ke nan muna wannan shiri a nan Aboabo ta Kumasi, kuma abin da muka gani a ciki shi za mu faɗa.

Tafiya dai ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Kakanninmu fataken goro ne, da jakuna suka riƙa tasowa daga ƙasar Hausa zuwa Gwanja da Salaga, kuma ba sa tashi sai damina ta ɗauke, an sami madugu, an san zangon da za a yada. Iyayenmu kuwa sun ga wata irin tafiya dabam. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya fita, mutane suka sayar da gidaje da motoci a wulaƙance, wasu ma suka rufe ɗaki suka bar wa maƙwabci makulli. A Janairun 1983 kuma gwamnatin Shagari ta yi nata, ita ma mako biyu ta bayar, 'yan Gana wajen miliyan ɗaya suka yi cincirindo a Seme da Aflawo da jakunkunan nan masu gida-gida da har yau ake kira da sunan wannan kora. Waɗancan bayin Allah ba su sami lokacin shiri ba. Abin da ke ba mu mamaki shi ne, yau za ka ga magidanci wanda babu mai korarsa, amma ya yi tashi irin na wanda aka kora: ya yanke shawara bayan ƙaramar salla, kafin babba ya sayar da firji da gado, ya zo makaranta ranar Alhamis yana neman takardun yara, wai Asabar mota za ta tashi.

To, takarda ita ce farkon komai, kuma a nan muka fi ɓata lokaci. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan Gana damar shiga Nijeriya ba biza, amma kwana 90 kawai. Wanda zai zauna sai ya je ofishin shige da fice ya nemi katin zama. Da yawa daga cikinmu sukan ce, "Ai mu 'yan gida ne, kakanmu Bakano ne." Haka ne, tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya ce wanda aka haifa a waje ɗan ƙasa ne muddin ɗaya daga cikin iyayensa ɗan ƙasa ne. Sai dai faɗa da baki ba ta isa a ofis. Can akwai abin da ake kira takardar shaidar asali, ƙaramar hukuma ke bayarwa, kuma sai mai unguwa ko dagaci ya shaida ya san gidanku. Aikin gwamnatin jiha da tallafin karatu duk sukan rataya a kanta. Wanda danginsa na can suka manta da shi, ko shi ya manta da su, to ya fara gyara zumunci kafin ya fara ɗaure kaya. Ɗaya ɓangaren kuma, kada murnar samun takardar can ta sa a yi sakaci da ta nan. Dokar 2000 ta yarda ɗan Gana ya riƙe ƙasa biyu, saboda haka kowane babba a gidan ya tafi da katin Gana da fasfo mai sauran kwana. Mu da muka san wahalar da ɗan zango ke sha kafin a yarda shi ɗan ƙasa ne, ana tambayarsa garin kakan kakansa, bai kamata mu yar da abin da muka samu da gumi ba.

Ga kuma ciwon da mu malamai muke gani kullum a rajista, wato suna. Yaro ɗaya ne, amma a katin awon jarirai an rubuta Mahama, a takardar haihuwa Mohammed, a makaranta Muhammed, ranar haihuwar ma wata ta ce Maris wata ta ce Mayu. A nan gida ana lallaɓawa a wuce, tun da hedimasta ya san uban yaro. A can kuwa kwamfuta ce za ta duba, ita kuma ba ta san kowa ba. Tun daga 2021 ba a rajistar jarrabawar JAMB ta shiga jami'a sai da lambar ɗan ƙasa ta NIN, harafi ɗaya ya saɓa yana iya jawo wa yaro asarar shekara. Mun tara takardun 'ya'yanmu huɗu a kan tabarma, muka zaɓi rubutu ɗaya na kowane suna, inda ya saɓa muka je kotu aka yi takardar rantsuwa aka buga a gazet. Wata biyar abin ya ci. Hatta aurenmu sai da muka nemar masa takarda, domin dokar auren Musulmi da ke nan tun 1907 ta ce a yi rajista cikin mako guda da ɗaurawa, amma wa ya taɓa yi? Goro aka raba, liman ya yi fatiha, shi ke nan. Ranar da matar aure za ta tsaya gaban ma'aikaci a wata ƙasa ta ce wannan mijina ne, waɗannan 'ya'yana ne, goron nan ba zai yi mata shaida ba.

Sai karatun yara, wanda a ganinmu shi ya kamata ya yanke ranar tashi. Tsarin ƙasashen biyu ya yi kusa: firamare shekara 6, ƙaramar sakandare 3, babba 3, kuma hukumar WAEC da aka kafa a 1952 ita ke shirya jarrabawar WASSCE a nan da can, sakamakon ɗaya yana aiki a ɗaya. Wannan sauƙi ne babba, wanda masu tafiya Abijan ko Yamai ba su da shi, su sai yaro ya koma koyon Faransanci daga tushe. Duk da haka akwai ajin da ba a cire yaro daga cikinsa. Wanda ke shekarar ƙarshe ta ƙaramar sakandare an riga an tura sunansa da makinsa na aji don jarrabawar BECE, cire shi a tsakiya zalunci ne. Haka wanda ya shiga babbar sakandare, wadda ta zama kyauta a nan tun Satumban 2017. Babbar 'yarmu tana aji biyu na babbar sakandare, kuma mun yanke ba za ta bi mu ba sai ta rubuta jarrabawarta. Uwarta ta yi kuka a kan wannan, amma da muka zauna muka lissafa abin da za a biya a makarantar kuɗi a Kano, da yadda littattafan tarihi da na zaman jama'a za su canza mata gaba ɗaya a shekarar ƙarshe, ita da kanta ta ce a bar ta. Ƙananan ukun kuwa za su tashi a dogon hutu, domin su shiga sabon aji tare da kowa a watan Satumba. Duk mai irin wannan niyya ya sanar da makaranta tun da saura zango guda, a shirya masa takardar canjin makaranta da kundin sakamakon yaro a tsanake, da hatimi da sa hannu.

Akwai wani abu da iyaye ba sa kawowa a rai, wai ai yaranmu Hausawa ne, Kano kuwa gidan Hausa. To, Hausarmu ta zango ba ita ce ta Kano ba. Ranar da yaro zai buɗe baki a aji ya ce "uwana ya zo", dariyar da za a yi masa sai ya yi mako bai ƙara magana ba. Bugu da ƙari, Hausa darasi ce a can, ana rubuta ta ana jarrabawa a kanta, alhali namu yaran Tuwi suka karanta a makaranta, tun da Hausa ba ta cikin harsunan da ake jarrabawa a kansu a nan. Suna jin ta, amma ba su taɓa ganin ƙ da ɗ da ɓ a allo ba. Mun sa doka a gida, bayan magariba kowa sai ya karanta shafi ɗaya na Magana Jari Ce da ƙarfi, a kuma saurari labaran Hausa a rediyo tare. Ƙaramin cikinsu yanzu shi ke gyara wa uwarsa "ya" da "ta", ita kuma tana bin sa da ludayi.

Maganar aiki ba za mu tsawaita ba. Malamanmu da suka koyar da mu sun ba mu labarin yadda suka ajiye alli a ƙarshen shekarun 1970 suka tafi Agege da sauran garuruwan Nijeriya neman naira, da yadda wasunsu suka dawo a 1983 ba aiki ba fansho. Mu hutun da ba albashi muka nema, ba mu ajiye aiki ba. Mun kuma je ofishin SSNIT mun karɓo lissafin watanninmu, domin sai mutum ya cika wata 180 yana zubi kafin ya cancanci fansho idan ya kai shekara 60. Wanda ya rage masa wata goma ya cika, ya daure ya cika kafin ya tashi. Can kuma malami sai ya yi rajista da hukumar TRCN, saboda haka takardar kwalejin horon malamai tana cikin jakar da ba za ta shiga but ɗin mota ba.

Kuɗi kuwa, kada wanda ya ruɗe ka da cewa waccan ƙasa ta fi wannan. A Disamban 2022 hauhawar farashi a nan ta haura kashi 54 cikin ɗari, sidi ya zama abin tausayi. A Yunin 2023 aka saki naira, daga wajen 460 a kan dala ɗaya ta haura 1,500 a farkon 2024. Wanda ya canza dukiyarsa duka rana ɗaya caca ya yi. Mu kashi uku muka yi: na hanya, na cin wata shida ba tare da an sa ran ko kwabo daga can ba, da na uku wanda zai zauna a banki a nan, ba a taɓa shi sai idan komowa ta kama. A kuma fita daga adashi da bashin kanti lafiya kafin a tashi, domin labarin wanda ya gudu da kuɗin mutane yakan riga shi isa Kano.

Zuwa da kai ya fi aike. A dogon hutun bara mun je mu kaɗai muka yi mako biyar, kuma da ba mu je ba da mun kwashi yara zuwa gidan da rufin ɗaki biyu ya zube, rijiyar kuma ta ƙafe. A waya ce mana ake yi komai lafiya lau, kuma ba ƙarya suke nufi ba, kunya ce irin ta dangi. Hanyar gabar teku muka bi, daga Ankara zuwa Aflawo, Lome, Kwatano, Seme, Legas, iyaka uku ke nan, kowace da tambayar katin allurar shawara, sannan daga Legas a yi kusan kilomita 1,000 zuwa Kano. Tsohuwar hanyar arewa ta Faga da Wagadugu da Yamai ba mu ba mai iyali shawarar bin ta ba, saboda 'yan bindiga a gabashin Burkina, ga shi kuma Burkina da Nijar da Mali sun fice daga ECOWAS a Janairun 2025. A tuna kuma iyaka tana rufuwa ba sallama, kamar yadda Nijeriya ta rufe nata daga Agustan 2019 har Disamban 2020. Wanda ya raba iyalinsa biyu, irin yadda za mu yi, ya san da wannan.

Abin da ya fi takarda wuya shi ne mutanen gida. Uwargida ta yi shekara goma sha biyu tana sayar da wake da shinkafa a bakin titi, masu sayenta sun san ta, su kuwa ba a zuba su a buhu a tafi da su. A unguwar da za mu zauna a cikin birni matan aure daga cikin gida suke sana'a, yara ko almajirai ke kai wa masu saye. Ta tambaye mu, "Malam, can ɗin zan fita kasuwa, ko kulle za ka yi mini?" Mun daɗe a kan wannan tambaya, kuma sai da muka yi magana da dangin can a fili cewa za ta ci gaba da sana'arta kafin ta ce ta yarda. Namijin da ya ɓoye wa matarsa irin zaman da za ta tarar, rigimar da ya guje wa a Kumasi tana jiransa a Kano, inda ba ta da uwa ba ta da 'yar'uwa.

Mahaifiyarmu kuwa ko sauraron maganar ba ta yi ba. Cewa ta yi, "Ku je Allah Ya kiyaye hanya. Ni babanku yana Tafo, kusa da shi za a sa ni." Ba mu ja da ita ba. Wannan ya sa ɗakunanmu biyu na gidan gado ba za a sayar ba, ko da yake an yi mana tayi mai kyau. Ɗaya Mma da jikarta za su zauna a ciki har yarinyar ta gama makaranta, ɗayan kuma mun ba ƙanenmu riƙo. Mun rubuta a takarda cewa riƙo ne, da wanda zai karɓi haya idan an sa ɗan haya, da nawa za a ba Mma duk wata, da wanda zai riƙa sabunta mata katin inshorar lafiya. Liman da dattawa biyu na unguwa sun sa hannu, kowa ya riƙe kwafi. Ƙanen namu ya ɗan ji zafi, ya ce, "Yaya, har ni za ka rubuta wa takarda?" Muka ce masa saboda 'ya'yanmu da nasa ne, ranar da ba mu nan. Sai da ya kwana biyu kafin ya zo ya sa hannu.