Kafin ka ɗiga Super Glue a kan ƙashin da ya zama dutse

Ɗan'uwa, in Allah Ya haɗa ka da ƙashin tsohuwar halitta, irin waɗanda ake tonowa a Gadufawa ta jihar Agadas ko a yankin Goronyo na Sakkwato, kuma ka ga ya fara marmashewa, na san abin da hannunka zai fara lalube: Super Glue. Don Allah dakata.

Ni abin da nake fara tambaya kan kowane gam shi ne, in aka shafa, za a iya cire shi bayan shekara talatin? Mai bincike na gaba zai iya gano cewa an juya ƙashin wajen haɗawa, ko ya so ya duba ciki. Super Glue yana kamawa nan take amma cire shi wahala ne, shi kuwa gam mai haɗi biyu irin Araldite in ya daskare shi ke nan, sai kankara, ga shi yana yin rawaya in ya tsufa. Ƙaro ma da muke da shi a arha bai dace ba, yana jan laima lokacin damina.

Abin da gidajen tarihi suka fi yarda da shi shi ne Paraloid B-72. Ƙwayoyi ne masu haske kamar ƙanƙara, ana narkar da su a asiton, kuma asiton ɗin ne ke sake narkar da shi in ana son warwarewa. Aiki biyu yake yi. In ƙarfafa ƙashi mai rugurgujewa kake so, giram 3 zuwa 5 a mililita 100, ya zama tsararo, ka riƙa ɗigawa da sirinji yana tsotsewa. In liƙa karaya ne, sai ka dama shi da kauri kamar zuma. Ka ƙulle ƙwayoyin a ƙyalle mai shara-shara ka rataye cikin kwalbar, in ba haka ba za su dunƙule a ƙasa.

Amma fa ga inda yanayinmu ke shigowa. B-72 yana fara laushi a wajen digiri 40, mu kuwa a watan Afrilu ɗaki mai rufin kwano ya wuce haka. Ƙashi mai nauyi da aka liƙa zai iya saki a hankali ba ka sani ba. Shi ya sa a manyan guntaye na fi natsuwa da Paraloid B-44 ko Butvar B-76, sun fi jure zafi. Sannan a tsakar rana asiton na bushewa kafin maganin ya ratsa ciki, sai ya tsaya a sama yana ƙyalli. Ka yi aikin da sassafe, kuma ƙashin ya bushe sarai, don in da danshi zai yi fari-fari.

Wajen saye, ƙwayoyin galibi daga Turai ko Amurka ake odarsu, wurin masu sayar da kayan adana kayan tarihi. Giram 100 zai daɗe maka. Asiton kuwa ka nema wurin masu kayan ɗakin gwaje-gwaje, ban da na goge fentin farce, akwai mai da turare a ciki. Ka buɗe taga, ka nisanci wuta da sigari.

In ka gama, rubuta sunan abin da ka sa, ma'auninsa da kwanan wata a takarda, ka ajiye tare da ƙashin, ka kuma sanar da gidan tarihi mafi kusa da kai inda aka tsince shi.