Me ya sa shafin rajista yake da kalmar sirri uku? (Zare)

1/ Zaren nan yana da ɗan tsawo, mai ƙarancin data ya yi haƙuri. Ina aji huɗu a sashen kwamfuta, kuma abin da na fi yarda da shi yanzu shi ne: yawancin manhajojin da ke ba mu ciwon kai, tun daga yadda aka jera mutanen da suka gina su matsalar ta faro. Ku biyo ni.

2/ A watan Afrilun 1968 wani mai rubuta manhaja a Amurka, Melvin Conway, ya buga maƙala a mujallar Datamation. Abin da ya ce a taƙaice: duk ƙungiyar da ta ƙera wani tsari, tsarin zai fito da kamannin yadda mutanenta ke magana da juna. Yanzu ana kiranta dokar Conway.

3/ Misalin da ya bayar ya ba ni dariya. Mutum 8 aka ba aikin gina manhajoji biyu masu fassara yaren kwamfuta. Aka sa mutum 5 a kan na COBOL, mutum 3 a kan na ALGOL. Da aka gama, ta farko tana aiki a mataki 5, ta biyu a mataki 3. Babu wanda ya zauna ya tsara haka. Kowa dai ya yanki gonarsa ya nome.

4/ To ɗalibai, ku tuna makon rajista. Ka biya kuɗi a shafi ɗaya. Ka koma wani shafin ka zaɓi kwasa-kwasai. Ɗakin kwana kuma wani shafin daban, da wata kalmar sirri daban. Sannan ka buga rasit a shagon kwamfuta, ka ɗauka da ƙafarka zuwa ofis a sa hannu, don shafi na biyu bai san ka biya a na farko ba.

5/ Mu kan zagi "masu fotal" ne. Amma duba da kyau: ofishin kuɗi, sashenka, ofishin harkokin ɗalibai. Ofis uku, shafi uku. Saƙon da ya kamata su aika wa juna, kai ne kake ɗauka a cikin fayil a tsakar rana. Wato kai ne wayar da ta haɗa su, kuma ba a biyanka 😅

6/ Kada ku ce abin namu ne kawai. Ranar 1 ga Oktoba 2013 gwamnatin Obama ta buɗe HealthCare.gov, shafin sayen inshorar lafiya. Kamfanoni da dama suka gina shi, kowanne da ɓangarensa, kuma ba a gwada su a haɗe ba sai dab da buɗewa. A ranar farko mutum 6 kacal suka iya kammala rajista. A Amurka fa.

7/ Amma labarin da ya fi taɓa ni ba shi da kwamfuta a ciki ko ɗaya. Ramin kwal ne a Ingila.

8/ Da can masu haƙar kwal suna aiki ne a ƙananan rukuni. Su suke zaɓar abokan aikinsu, kowa ya iya kusan kowane ɓangare, su sara, su loda, su tokare rufin rami. A ƙarƙashin ƙasa, cikin duhu, ranka yana hannun na kusa da kai, don haka sanin juna ba ƙaramin abu ba ne.

9/ Sai aka kawo injina. Aka tara mutum 40 zuwa 50 a fuskar rami guda, aka raba su zuwa zubi uku na aiki, kowa da abu ɗaya tak da zai yi. Masu sara su tafi, masu gyara wuri su zo, masu loda su biyo. Idan zubin farko ya bar aiki a karkace, na ukun ne zai sha wahala, kuma ba ya ma haɗuwa da wanda ya jawo masa.

10/ A takarda tsarin ya yi kyau. A rami kuwa kwal bai ƙaru yadda aka zata ba, fashin aiki ya yawaita, zargin juna ya yi yawa. Eric Trist da Ken Bamforth na cibiyar Tavistock a Landan suka rubuta wannan a 1951. Shi Bamforth tsohon mai haƙar kwal ne, ina ganin shi ya sa ya hango abin da injiniyoyi suka tsallake. Daga nan aka fara cewa inji da mutane tsari ɗaya ne, tare ake tsara su.

11/ Na ga ƙanin wannan da idona lokacin SIWES. Wani ƙaramin kamfani ne da ya yi wa wani asibiti manhajar karɓar marasa lafiya. Ba zan faɗi suna ba. Ƙorafin da ke zuwa mana kullum: ma'aikatan jinya na dare ba sa amfani da ita. Littafi suke rubutawa, da safe su shigar. A ofis hukunci ya riga ya fita: "ba su waye ba ne, a sake yi musu horo."

12/ Akwai wata babbar injiniya a wurin, Anti muke ce mata. Ita ce ta ce kafin horo bari ta kwana a asibitin, kuma ni zan riƙe mata jaka. Wallahi dare ɗaya ya isa.

13/ Sista ɗaya ce a ɗakin karɓa. An kawo yaro yana suma, uwarsa na kuka, kuma fom ɗin ba zai wuce ba sai an cika unguwa, sana'ar uba, lambar waya, sunan wanda zai biya. Wa zai tsaya tambayar sana'ar uba a lokacin? Ta ja littafi ta rubuta suna da zafin jiki, ta ruga. Anti ta tambaye ta daga baya, "Sista, da aka zo tsara wannan, an zauna da ku?" Ta ce, "Da mu? Da Oga dai aka zauna, da mutanen akawu."

14/ Kun ga Conway ko? Fom ɗin hoton taron da aka yi ne. Duk wanda ya halarta ya samu gurbinsa a ciki. Wadda za ta cika shi ƙarfe biyun dare ba ta samu kujera ba.

15/ A makaranta muna shekara huɗu muna zana akwatuna da kibiyoyi, wannan rumbun bayanai, wancan yana kiran wancan. Yana da amfani, ban raina ba. Sai dai ban taɓa ganin tambayar jarrabawa da ta ce: wa zai gyara wannan akwatin idan ya tsaya, kuma yana magana da mai akwatin kusa da shi? Alhali lissafin ma yana nan. Mutum 5 suna da hanyoyin magana 10 a tsakaninsu, mutum 10 suna da 45. Fred Brooks ya nuna tun 1975 cewa ƙara mutane a aikin manhajar da ya makara ƙara masa latti yake yi. Amazon ma shi ya sa suka shahara da ƙananan rukuni, waɗanda faifan fiza biyu zai ƙosar.

16/ Gyaran fom ɗin bai ci kwana biyu ba. Anti ta bar gurbi huɗu na dole da dare, sauran a cika daga baya. Sista ta fara amfani da shi a makon.

17/ Inda aka tsaya shi ne "daga baya" ɗin. Wa zai cika? Ofishin ajiyar bayanai suka ce ba aikinsu ba ne, kuma ƙarfe takwas suke zuwa. Akawu suka ce in babu sunan mai biya tun farko, su za a tambaya. Sai an sauya jadawalin mutum ɗaya ya riƙa zuwa ƙarfe bakwai, kuma wannan ba mai rubuta kod ne zai sa hannu ba.

18/ An sa ranar zama sau biyu ana ɗagawa. Har wata shidana suka cika na koma makaranta, ba a zauna ba.