Kukan Taya a Kan Kwalta

Kafin in ga motar maƙwabcina nakan ji ta. Tun daga kwanar layinmu take fara wani gunji kamar an tayar da injin niƙa a nesa, sai yara su ce ga Alhaji nan ya dawo. Injin motar lafiyarsa ƙalau, Prado ce mai shiru. Tayoyin ne ke kukan. Ya sa mata waɗansu masu manyan haƙora, kowane haƙori kaurin babban yatsa, tsakaninsu rami wanda in ka sa goro zai zauna daram. Irin tayar da aka yi domin taɓo ke nan. Shekara biyu ina ganin motar nan, hanyarta ɗaya ce: gida zuwa Kantin Kwari, Kantin Kwari zuwa gida, ranar Juma'a masallaci. Taɓon da ta taɓa takawa bai wuce na bakin kwatar layinmu ba.

Ban yi masa dariya ba, domin ni ma saura ƙiris in bi sahunsa. Ina da tsohuwar Hilux wadda take yi mini aiki biyu. Daga Litinin zuwa Juma'a ita ke kai yara makaranta, ta kai ni wurin aiki, ta sha cunkoson Kano kamar kowace mota. Ranar Asabar kuma sai ta zama motar gona. Mu kama hanyar Zariya, mu wuce Kura, mu sauka daga kwalta a wajen Kadawa, mu bi burji, daga nan mu bi gefen magudanar ruwa har bakin shinkafa. Da tayoyinta suka suɗe, na je wurin masu sayarwa, kuma idona bai faɗa ko'ina ba sai kan masu manyan haƙoran nan. Ko a jingine suke a bango suna da kwarjini. Mai shagon ya lura, ya ce, "Alhaji, wannan ko cikin kogi ka shiga sai ta fito da kai."

Allah ya sa ban zo da kuɗi ba ranar. A hanyar komawa na tsaya wurin wani dattijo mai faci da na daɗe ina hulɗa da shi, na ba shi labari. Bai ɗago daga tayar da yake dannawa cikin ruwa ba, ya ce, "Malam, kwana nawa kake shiga taɓo a shekara?"

Na ce, "Baba, ai duk damina."

Ya ce, "Ƙirga dai."

Sai na ƙirga. Asabar 52 ce a shekara, kuma ba duka nake zuwa gonar ba. Damina a wajenmu daga Yuni zuwa Satumba take, Agusta ne ruwa ke zama sosai. Ranakun da hanyar gonar ke jiƙewa har mota ta yi barazanar kafewa ba su kai goma ba. Ko a waɗannan ranakun ma, kusan duk tafiyar kwalta ce, kilomita biyar ko shida na ƙarshe ne matsalar. Wato ina shirin sayen tayar da za ta yi mini amfani kwana goma, ta dame ni sauran kwana ɗari uku da hamsin da biyar.

Tayoyin irin waɗannan motoci kashi uku ne, kuma sau da yawa a rubuce yake a jikinsu. Mai H/T ta kwalta ce: zanenta ƙanana ne a matse, ba ta kuka, ba ta cin mai, tana kama titi in an taka birki. Mai M/T ita ce ta maƙwabcina. Mai A/T tana tsakiya, haƙoranta sun fi na ta kwalta girma da zurfi, amma ba su kai na ta taɓo warwatsuwa ba. Kamfanin BFGoodrich na Amurka ne ya yi fice da irinta tun 1976, yau kuwa da wuya ka sami babban kamfanin taya da ba shi da tasa.

Dalilin da ya sa ta taɓo ke aiki a taɓo shi ne dai dalilin da ya sa take wahalarwa a gari. Manyan ramukan nan suna cika da laka, taya na juyawa ta watsar, haƙori ya fito fes ya sake cizon ƙasa. A kan kwalta kuwa ramukan nan na nufin robar da ke taɓa titi kaɗan ce. Kowane haƙori yana dukan titi shi kaɗai, iska na shiga ramuka tana fita, shi ne gunjin da yara ke ji. In aka yi ruwa titi ya yi santsi, ka taka birki, motar za ta ƙara tafiya kafin ta tsaya, domin manyan haƙoran ba su da 'yan siraran tsagar nan da ke share ruwa daga ƙarƙashin taya. Ga nauyi, ga saurin cinyewa, sau da yawa ma ba daidai take cinyewa ba, wani haƙori ya fi wani tsawo, kukan ya ƙaru. Ga kuma mai. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, babu direban da ke buƙatar a yi masa dogon bayani a kan tayar da ke sa injin wahala.

Ta kwalta kuma na san halinta, don ita ce a motar tun farko. Ranar da aka kwana ana ruwa, zanenta yakan cika da laka nan take, ta koma kamar sabulu, ƙafa huɗu na juyawa mota na nan inda take. Abin da ya fi ba ni haushi ma gefenta ne. Bayan girbi, kututturen dawa da aka sare a karkace mashi ne, ƙayar aduwa kuma ba ta san tsadar taya ba. Huda a saman taya aikin minti goma ne wurin mai faci. Yanka a gefe kuwa ajalin taya ne. Za ka sami wanda zai liƙa maka, har ya ɗinke, amma wurin nan ne ke lanƙwasawa a kowane juyi, kuma ranar da zai buɗe ba zai yi sallama ba.

Saboda haka na tsaya a kan A/T. Amma gaskiya ɗaya ce, ba a tauna taura biyu. A kwalta ta fi ta kwalta ɗan kuka da ɗan shan mai. A lakar fadama mai danƙo, wadda ke cire wa mutum takalmi, ita ma takan cika ta yi santsi. Inda take nuna kanta shi ne burji, tsakuwa, yashi, ramukan titi, da taɓo marar zurfi, wato ainihin hanyoyin da yawancinmu ke bi. Su kansu A/T ɗin ba ɗaya ba ne. Akwai masu karkata wajen kwalta, zanensu a haɗe, akwai masu karkata wajen daji, haƙoransu har sun gangaro kafaɗa. Mai zuwa ƙauye sau ɗaya a wata, ta farkon ta ishe shi.

Abin da na ƙaru da shi a wannan ciniki shi ne karanta gefen taya. Shekaru ina ganin rubutun nan kamar ado. A tawa an rubuta 265/65 R17. Lambar farko faɗin tayar ne, milimita 265. Ta biyu tsayin gefenta ne, kashi 65 cikin ɗari na faɗin. 17 kuma girman rim ne a inci. Bayan su sai wata lamba da harafi, misali 112T. 112 na nufin kowace taya na ɗaukar kilo 1,120, T kuma na nufin an yi ta ta jure gudun kilomita 190 a awa. Mai loda buhunan shinkafa a bayan mota, wannan 112 ɗin ta fi masa kyan haƙora muhimmanci, kada ya sayi wadda ta gaza abin da kamfanin motar ya rubuta.

Wasu za ka ga an fara da LT kafin lambobin. Waɗannan gininsu ya fi ƙarfi, gefensu ya fi kauri, an yi su don kaya da muguwar hanya. Mai shago zai ce maka ita ce ƙarshe, kuma bai yi ƙarya ba in kullum motarka a loda take. In kuwa yara uku da jakunkunan makaranta ne kayanka, za ka ji kowane rami a ƙugunka, ga ƙarin nauyi, kuma tana son iska fiye da ta yau da kullum kafin ta ɗauki kaya iri ɗaya. Ni na ɗauki marar LT, don buhuna sau biyu ko uku nake ɗauka a shekara.

Sai jarabar ƙara girma. Samari na son mota ta tashi sama ta cika ido. Daga 265/65 zuwa 265/70 tayar ta ƙaru da fiye da kashi uku cikin ɗari, maleji ya nuna 100 alhali kana kan 103. In ka kai 285/70, 100 ɗin ta zama kusan 107, motar ta yi nauyin tashi, birki ya ƙara wahala, in ka murɗa sitiyari har ƙarshe ka ji tana gogar jikin mota. Kuma mota mai jan ƙafa huɗu ba ta son a haɗa mata tayoyi masu bambancin girma, domin gaba da baya za su riƙa jayayya, giya ce ke biyan kuɗin. Har safaya ma girmansu ɗaya ya kamata ta zama. Na sha ganin mota da sababbin tayoyi huɗu masu kwarjini, a ƙarƙashinta kuma an rataye wata suɗaɗɗiya ƙarama wadda rabonta da iska tun bara.

Akwai lamba huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT. Su ne ranar haihuwar taya: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. 2322 na nufin mako na 23 na shekarar 2022. Roba tana tsufa ko ba a hau ta ba, musamman a zafin ƙasarmu. Jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra kan ce shekara huɗu, kamfanoni irin su Michelin kan ce a riƙa dubawa sosai bayan shekara biyar, kada kuma ta wuce goma. Ko wanne ka bi, tayar da ta shekara uku a shago ba sabuwa ba ce, komai ƙyallinta.

Wannan ya fi shafar 'yan gwanjo. Tun da Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ma ta daina ƙera taya a Ikeja a 2008, kusan duk tayar da muke hawa daga waje take zuwa, kuma duk da dokar hana shigo da tsofaffin tayoyin ƙananan motoci, kasuwa cike take da su. Wata rana na ga wata mai zurfin zane a araha, na duƙa sai ga hoton tsauni da ƙanƙara a gefenta, ga siraran tsaga birjik a kowane haƙori. Tayar hunturun Turai ce, robarta mai laushi, an yi ta don sanyin da ruwa ke daskarewa. Ka ɗora ta a kwaltar Kano cikin watan Afrilu, ta riƙa narkewa kamar man shanu. Wasu A/T na gaskiya ma suna ɗauke da wannan tambari, don haka sai an duba sunan tayar da kyau. Araha dai ba ta ado.

Da na sa sababbin, Baba mai faci ya tambaye ni nawa zai sa musu. Na ce yadda aka saba. Ya buɗe ƙofar direba ya nuna mini wata 'yar takarda a manne a jikin ƙarfe, wadda ban taɓa lura da ita ba duk shekarun nan. Nan kamfanin motar ya rubuta iskar gaba da ta baya, da kaya da babu kaya. Lambar da ke jikin taya iyakar abin da za ta iya ɗauka ce, ba ita ake bi ba. Ya kuma ce in riƙa aunawa da safe kafin mota ta yi tafiya, don zafi na ɗaga geji.

Yawancinmu mun taso da jin cewa in bazara ta yi a rage iska kada taya ta fashe. Abin akasin haka ne. Taya mai ƙarancin iska ita ke lanƙwasawa, ta ɗauki zafi, ta tarwatse a kan gudu. Inda rage iska ke da amfani shi ne rairayi. Direbobin Agadas masu bin hanyar Dirku da Bilma sun san wannan tun da daɗewa: suna sace iska taya ta baje, ta hau kan yashi maimakon ta tona shi, kuma suna tafe da famfonsu don mayarwa in ƙasa ta yi tauri. Mai shiga yashin rafi a nan gida ma dabarar za ta fisshe shi, in dai zai tafi a hankali, ya kuma mayar da iskar kafin ya hau kwalta.

Yanzu damina biyu ke nan a kan sababbin tayoyina. Ina sauya musu wuri, na gaba su koma baya, duk bayan kamar kilomita 10,000, don su cinye tare. Sau ɗaya na kafe, cikin Agusta, a wani wuri da ko tarakta sai ta yi da gaske, samarin ƙauyen suka tura ni. Na biya su ladan turi, bai kai kuɗin man da tayar taɓo za ta ƙara sha mini a wata ɗaya ba. Sauran kwanakin kuwa ina jin rediyo a mota ba sai na ƙure murya ba.

Kai da ke shirin sayen taya, kafin ka je kasuwa ka zauna ka ƙirga kwanakinka: nawa a kwalta, nawa a burji, nawa a taɓo na gaske. In aikinka cikin fadama yake duk damina, sayi mai manyan haƙora, kuɗinka bai faɗi ba. In ba ka sauka daga kwalta, bar ta kwalta a motarka. In kuwa kamar ni kake, gari kwana biyar gona kwana ɗaya, nemi A/T daidai girman da aka rubuta a ƙofar motarka, ka duba ranar haihuwarta kafin ka biya.