Gansakuka Ma da Ranarta

Ni Batangale ne, a nan Gombe na ƙarasa koyon Hausa, kuma kalmar gansakuka tana cikin waɗanda suka daɗe suna sarƙe mini harshe. Ganinta kam ba wuya, domin duk kwatar da ruwa ya kwanta a Bolari ko Jekadafari, sai ka tarar ta yi kore shar.

Abin da ke kawo wannan koren wasu ƙananan halittu ne dangin tsiro, waɗanda ido ba ya ganin ɗai-ɗaikunsu. Ba sa neman gona. Bukatarsu rana, da iskar da muke fitarwa wajen numfashi, da sinadaran naitirojin da fosfaras, wato irin na cikin buhun takin zamani. Ruwan wanke-wanke da na bayan gida da na kwata, kwatar mahauta nake nufi yanzu, cike yake da waɗannan sinadarai. Wasu daga cikin halittun, kamar Chlorella, sukan tara maiƙo a jiki. Sai a tace, a busar, a tatsi maiƙon a mayar da shi man dizal. Ko kuma a ruɓar da su a rufaffen tanki a sami gas.

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, duk wanda ya ji wannan zai ce a fara gobe. Ni dai ina ganin a bi a sannu. Gwamnatin Amurka ta yi wannan bincike daga 1978 zuwa 1996, ta rufe shi saboda man ya fi na rijiya tsada. Wahalar tana wajen girbi: lita guda ta koren ruwan da ƙyar take ba da giram ɗaya na busasshiyar gansakuka.

A garin Chiclana na ƙasar Sifen kuwa, tsabtace ruwan gari aka sa gaba, gas ɗin da motoci suka sha ya zo kamar gyara a kan ciniki. Wannan lissafin ne ya fi kama da namu. Rana muna da ita har ta yi yawa. Abin da ya rage shi ne a haɗa kan ruwan dattin wuri guda, domin yanzu kowane gida da masansa, kowace unguwa da kwatarta. Ruwan da aka sha wahalar jawowa daga Dadin Kowa, da zarar mun yi wanka da shi, sai ya bi lungu ya gangara kwari.